Lofen Baba ba jabu ba ne

Assalamu alaikum, jama'ar gida barkanmu da dare. Ƙanena, na ga hotunan da ka turo tun la'asar, masu sari ne suka cika min rumfa ban samu amsawa ba. Ka ce kun buɗe akwatin marigayi Baba kun tarar da lofe biyu, ɗaya an buga masa Peterson, ɗayan kuma sunan wani kantin taba ne na Landan, har wani ya ce maka na biyun jabu ne, ka sallama masa a kuɗin goro. Don Allah kar ka sallama tukuna.

Jabu shi ne ka saci sunan wani ka manna wa kayanka. Mai kantin nan bai saci sunan kowa ba, nasa ya sa. Kuma mu a Kwari ai sana'armu ke nan. Mutum ya tafi Gwanzu ta ƙasar Sin, ya zaɓi zane, ya ce a buga masa sunan 'yarsa a bakin atamfa, kwantena ta iso. Yana da masaƙa? Ko allura ba shi da ita. Masaƙa ɗaya sai ta yi wa mutum goma aiki, amma ba yadi iri ɗaya ba, iya kuɗinka iya shagalinka.

To haka kantunan taba na Ingila da Amurka suka daɗe suna yi. Masu sassaƙar daban suke. Akwai wani gari a Faransa, Saint-Claude, an san shi da wannan sana'a kamar yadda aka san Ƙofar Mata da rini, can kamfanin Chacom yake. A Italiya akwai Savinelli tun 1876. Shi Peterson ɗin da ke hannunka na Dublin ne, asalinsu tun 1865. A Landan ma akwai irin su Comoy's da suka yi wa kantuna aiki da yawa.

Amma ga inda maganar take, ka saurara da kyau. Itacen da ake yi da shi, biraya suke ce masa, wani kulli ne a gindin saiwar wani tsiro da ke fitowa a bakin Bahar Rum, su Italiya, Girka, Aljeriya. A tono shi, a tafasa, a shanya wata da watanni. Tunda a ƙasa ya girma, yashi kan maƙale a ciki, kuma ba a gani sai an fara sassaƙa. Wanda ya fito sumul, shi kamfani ke buga wa sunansa ya tsuga kuɗi. Wanda ya fito da ɗan rami, sai a yi masa ciko, a shafa launi mai duhu, a sayar da wani suna ko a ba mai kanti ya sa nasa. Hannu ɗaya ne ya yi su, inji ɗaya. Wani kantin kuma mai kishin sunansa ne, ya biya a ba shi mai kyan. Shi ya sa ba a yanke hukunci daga suna.

Ka fito da lofen mai sunan kantin hasken rana ka jujjuya. In ka ga ɗigo da launinsa ya saɓa, ja-ja haka, ciko ne. Ka leƙa cikin ƙoƙon, ramin iskar ya kamata ya fito daidai ƙasa, a tsakiya. Sannan ka duba inda baƙin bakin da ake zuƙa ya haɗu da itacen, ko farce bai kamata ya shiga ba. Sau da yawa a gefe za ka ga an rubuta ƙasar da aka yi shi da wata lamba, masana da lambar nan suke gano masassaƙin.

Ban ce ka kunna ba fa, wallahi da gaske nake. Tabar lofe ma tana jawo kansar baki da maƙogwaro, kuma duk mun ji tarin Baba a ƙarshen rayuwarsa, Allah ya jiƙansa.

Kar ka kankare shi, kar ka wanke da ruwa, tambarin ne zai goge. Ka naɗe su a ƙyalle ka kawo min rumfa gobe bayan azahar mu duba tare.