Tambaya da Amsa: Farkawar dare da ɗora jariri a fo

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Haihuwata ta fari ce, yaron watansa 3. Da dare ba ya wuce awa 2 ko 3 sai ya farka neman nono, surukata kuma ta ce nonon ne ba ya isarsa. Ga maƙwabciyata tana cewa tun ɗanta yana wata 2 ta koya masa fo, ni kuwa har yanzu famfas nake sa masa. Na makara ne?
Maman yaro

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya mana shi. Farkawar dare ba ita ke nuna nono bai isa ba. Jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana barcin awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya, amma gutsi-gutsi yake yinsa, domin cikinsa ƙarami ne, nonon uwa kuma ba ya daɗewa bai narke ba. Sai wajen wata 2 zuwa 3 jikinsa ke fara bambanta dare da rana. Ki taya shi: da rana haske da hira, da dare ki rage fitila, ki ba shi nono ba tare da wasa ba. Ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ƙwari, babu filo, kada ki yi masa rub da ciki.

Alƙalin da zai raba ki da Mama, wato surukarki, shi ne sikeli. A watanni 3 na farko yawancin jarirai suna ƙara kamar giram 150 zuwa 200 a mako, zuwa wata 5 ko 6 su ninka nauyin haihuwarsu. In layin katin awonsa yana hawa, yana kuma jiƙa famfas aƙalla sau 6 a rana, nononki ya wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Ki nuna wa Mama katin cikin ladabi, ko ku je awo tare. Ya fi gardama.

Maganar fo kuma, maƙwabciyarki ba ƙarya ta yi ba, sai dai ita ce ta koya, ba yaron ba. Jariri yakan yi kashi jim kaɗan bayan shan nono, ya yi fitsari da ya farka. Uwar da ta lura da wannan, ta gane nishinsa da yadda yake jan fuska, sai ta tare shi a kan lokaci. Iya riƙewa da kansa kuwa ba ya samuwa sai wajen wata 18 zuwa shekara 2, wasu ma su wuce haka.

In kina so ki gwada, babu laifi, yana rage kashe kuɗin famfas da zaman jiƙa da ke kawo ƙurajen gindi. Amma tunda wuyansa bai gama ƙwari ba, kada ki zaunar da shi. Ki jingina bayansa a ƙirjinki, ki riƙe cinyoyinsa a saman fo minti 1 ko 2. In bai yi ba ki ɗaga shi, ban da tsawa. Kada kuma ki tashe shi daga barci saboda fo.

In ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa na wuya, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za ki kai shi a ranar.