Rubutu, karatu da kallo tsakanin azumi da sallah: amsa ga ƙanwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙanwata, tun shekaranjiya na karanta tambayarki, inda kika ce kina rubuta labari don sha'awa kina fitar da shi kashi-kashi ta waya, amma da zarar an ga watan azumi sai rubutun ya tsaya cak, bayan sallah kuma finafinai su cinye ɗan lokacin da ya rage miki, har kin fara tunanin ko rubutun ba naki ba ne. Na jinkirta amsa ne don in samu zama in ba ki ita a tsanake, domin halin da kika bayyana na shiga shi, kuma na daɗe kafin in samu mafita.

Ni malamar makaranta ce a nan Sakkwato, ina zaune a Mabera da maigida da yara huɗu, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina rubutu ba tare da na mayar da shi sana'a ba. A ranakun da babu wata hidima, lokacina na rubutu shi ne bayan sallar asuba, kafin in ɗora ruwan koko, kuma ba ya wuce minti arba'in. Da biro nake yi a cikin littafin rubutu irin na ɗalibai, shafi biyu idan Allah ya sa kai ya buɗe, sai da dare bayan yara sun kwanta in kwafe shi a waya. Dalilin fara shi a takarda shi ne waya tana da ƙofofi da yawa, kina tsakiyar jimla saƙon biki ko na rasuwa zai shigo, kafin ki dawo zaren maganar ya tsinke.

Kuskuren da ya koya mini hankali na yi shi ne a azumin 2024, wanda muka fara ranar 11 ga Maris muka yi sallah ranar 10 ga Afrilu. Duk wanda ya yi wannan azumin a garin nan ya san irin zafin da aka sha, zafin da ke haura digiri 40 tun kafin azahar, ga ɗauke wuta, ga ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a murhu. Ina tsakiyar wani dogon labari a lokacin, sai na yi wa masu karatu alkawarin ba zan tsaya ba, kullum za su ga kashi ɗaya. Na tashi ƙarfe uku da rabi don sahur, na tafi makaranta, na dawo na shiga jiƙa gero da wanke wake da suyar ƙosai, na je asham, sannan wajen sha ɗaya na dare in zauna a tsakar gida da waya a hannu ina tilasta wa kaina rubutu ido yana rufewa. Na kai kwana goma sha uku a haka. Da na koma na karanta abin da na fitar bayan sallah, sai na tarar na canza wa wata tauraruwa sunan mahaifi ba tare da na sani ba, na kuma aurar da wata a babi biyu daban-daban. Abin da ya fi wannan yi mini ciwo shi ne karatun Alƙur'anin da na saba saukewa a watan bai kai ko rabi ba. Na yi biyu babu, kuma laifin nawa ne, ba na watan ba.

Tun daga nan na daina lissafin rubutuna da kalandar boko kaɗai. Shekarar Musulunci tana gaza ta boko da kusan kwana goma sha ɗaya, shi ya sa a 2025 muka ɗauki azumi ranar 1 ga Maris muka yi sallah ranar 30 ga watan, don haka wadda ba ta duba watan sama ba, azumi zai same ta a tsakiyar labari ba shiri. Yanzu da zarar Rajab ya kama nakan duba inda labarina yake. Idan zai ƙare kafin ƙarshen Sha'aban, in matsa masa ya ƙare. Idan ba zai ƙare ba, in kai shi wata gaɓa mai kyau in ajiye, in kuma gaya wa masu karatu a fili cewa sai bayan sallah. Kada ki ji tsoron za su watse, su ma azumin suke yi, kuma wadda ke son labarinki da gaske za ta jira wata ɗaya. Abu guda da nake yi kafin in rufe littafin shi ne in rubuta wa kaina rabin shafi: ga inda kowa yake, ga abin da wance ta sani wanda wane bai sani ba, ga jimlar da zan fara da ita idan na dawo. Wannan rabin shafin ya fi mini komai amfani.

To, a cikin watan kansa fa? Ba na ƙirƙirar labari, amma akwai ƙaramin littafi da ke zama a kan firji, kuma a cikinsa nake zuba abin da ido ya gani ko kunne ya ji, layi ɗaya ko biyu, ba tare da gyara ba. Yaran da ke zuwa tashe bayan azumi ya kai goma da irin gemun audugar da suke liƙawa. Yadda tela ke kauce wa ido idan kin je tambayar ɗinkin yara ana saura kwana uku sallah. Daren ashirin da tara, lokacin da kowa ya kasa kunne ga rediyo ana jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, mai lalle ta tsaya da hannun yarinya a cinyarta ba ta san ko ta yi sauri ko ta sassauta ba, uwar gida kuma tana tsaye a kan shinkafar da ta jiƙa don waina. Mu da ke zaune a garin da sanarwar ke fitowa ga ƙasa baki ɗaya muna ganin wannan daren kamar ba komai ba, alhali marubuci zai iya gina babi sukutum a kan wannan jiran kaɗai.

Karatu kuma yakan sauya. Littattafan hikaya nakan tattara su in sa a akwati, in bar Alƙur'ani da tafsirin da nake saurare, sai tarihin magabata idan an samu sarari da hantsi a ranar da babu makaranta. A irin wannan karatun ne na ƙara sanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa tana matar Waziri Giɗaɗo, da gida a hannunta da 'ya'ya. Abin da ya tsaya mini a rai game da ita shi ne ta yi rubutunta ne don kunne, domin jajis ɗinta, wato matan da ke jagorantar 'Yan Taru, ƙungiyar ilmantar da mata da ta kafa, haddace waƙoƙin suke yi su kai wa matan ƙauyuka su rera musu. Daga nan na ɗauki al'adar karanta kowane shafi nawa da murya kafin in fitar da shi. Inda numfashina ya sarƙe, jimlar ce ba ta yi ba, sai in sake ta. Idan kina cikin gari kuma ba ki taɓa shiga Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ba, ki nemi rana ki je, ganin rubutun hannun mutanen da suka rigaye mu yana sa mutum ya girmama shafin da ke gabansa.

Ranakun sallah su ne kasuwar marubuci, musamman babbar sallah a garin nan. Kin san yadda muke yi: an sauko daga Fakon Idi, an yi yanka, an feɗe, sai a buɗe ragon a ɗaure shi a kan itace biyu da aka gitta, a jera na gidaje da yawa a kewaye wuta guda a ƙofar gida, wato tareni, ya kwana sai washegari a sassara a raba. Bara na tsaya a zaure na kusan rabin sa'a ina kallo. Kitse yana ɗiga a toka yana cewa cuu, wani dattijo yana juya kowane rago da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kare fuskarsa daga wuta, yara suna nuna na gidansu suna gardamar wanda ya fi girma, wani magidanci kuma da bai samu ikon yanka ba ya zo yana taya kawo itace, yana ta fara'a fiye da kowa. Shi na fi kallo. A cikin gida ana suyar kayan ciki, sai wata gwaggon maigida ta dubi wata amarya da ta zo gaisuwa, ta jira ta fita, sannan ta ce a hankali, "Ɗiyag ga, gidan da anka kai ta ba a dariya cikinai." Na shiga ɗaki na rubuta maganar yadda ta faɗe ta, kuma daga ita gajeren labarin da na fi so a duk rubutuna ya fito. Sai dai ki kiyaye, abin da kika ji a gidan dangi amana ne. Ki ɗauki maganar, ki sauya gari da suna da sana'a da shekaru, har mai abin ya karanta bai gane kansa ba, domin labari bai kai zumunci daraja ba.

Wannan maganar ta gwaggo ita ta kawo ni batun finafinai, don a nan ne na ga illar da yawan kallo ya yi mini. Ba na cikin masu cewa marubuci ya daina kallo. Fim ya koya mini inda ake shiga zance da inda ake yanke shi, ya koya mini cewa ba dole sai an nuna mutum ya yi sallama an shimfiɗa masa tabarma an kawo ruwa kafin a zo kan magana ba. Amma shekarar da na bi finafinai masu dogon zango har huɗu a lokaci guda, sai babobina suka koma mutane biyu zaune a falo suna musayar magana, babu ƙamshin girki, babu ƙurar hunturu, babu abin da mutum yake ji a ransa bai furta ba, alhali wannan shi ne abin da littafi ya fi kyamara iyawa. Sannan masana'antar finafinan Hausa a Kano ta kafu tun wajen 1990, kuma harshen Kano ne ya fi yawa a bakin 'yan wasa, to sai na wayi gari tsohuwar da na ce an haife ta a Ƙofar Rini tana magana kamar ba ta taɓa shan ruwan Rima ba. Yanzu bayanin labari nakan yi shi da daidaitacciyar Hausa don kowa ya karanta, amma idan tsohuwar Sakkwato ta buɗe baki, munka da sunka da wanga da mi za ta ce, domin haka take magana.

Don haka na sa wa kallo iyaka. Fim ɗaya nake bi a lokaci guda, dare biyu a mako, kuma ba na taɓa shi sai na kwafe shafukan safe. A azumi ina ajiye shi gaba ɗaya. Washegarin sallah da yamma, idan baƙi sun ragu, nakan zauna da yara mu kalli abin da na riga na duba ya dace da su, wannan kuwa hutu ne, ba na lissafa shi a ɓata lokaci. Idan kina son kallon ya yi miki aiki, ki zaɓi fitowa ɗaya da ta taɓa ki, ki kashe wayar, ki rubuta ta a rabin shafi kamar a littafi take. Nan take za ki ga abubuwan da fuskar ɗan wasa ta yi miki kyauta, waɗanda ke sai kin nemo musu kalmomi.

Komawa bakin aiki ita ce mai wuya, kuma na lura a nan kika fi makalewa. Ni ba na komawa sai na gama Sitta Shawwal. Ranar farko ba na rubuta komai, babi ukun ƙarshe nake karantawa da murya tare da wancan rabin shafin na Sha'aban. Rana ta biyu in rubuta shafi ɗaya ko da ban gamsu da shi ba, kuma yawanci sai rana ta huɗu ko ta biyar hannu yake saki. Tsakanin ƙaramar sallah da babba akwai wata biyu da kwana goma, kuma wannan tazarar ta ishi gajeren labari a rubuta shi, a ajiye shi mako biyu, a dawo a gyara. Idan kina da sha'awar gwada kanki, gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata, irin wannan gajeren labarin take karɓa, kuma ƙoƙarin matse labari a shafuka kaɗan yana gyara hannu ko ba a yi nasara ba.

Ki sayi ƙaramin littafi tun yanzu ki ajiye shi inda kike girki. Idan Allah ya kai mu sallah kika je gaida kakarki ko gwaggonki, ki dawo mana da magana ɗaya da kika ji daga bakinsu, yadda suka faɗe ta ba tare da kin gyara ba, ni ma zan kawo tawa mu duba tare. Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki ƙirji.