Da me zan toshe ramin da ke tsakanin tayil da katakon gindin bango?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Falona tayil ne, an zagaye gindin bangon da katako. Tsakaninsu akwai tsaga, ƙura da kyankyasai na shiga. Mai tayil ya cike ta da farar siminti, amma hunturu na kamawa ta farfashe. Da me ya kamata a toshe?

Amsa: Hajiya, barka kadai. Laifin ba na hannun mai aikin ba ne, kayan ne bai dace da wurin ba. Katako yana shan danshi ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, tayil kuwa yana nan inda yake. Farar siminti ba ta miƙewa, don haka duk inda abu biyu ke motsi daban sai ta tsage. Wurin yana son abin da ko ya bushe yana da danƙo.

A falo da ɗakin kwana na fi son akrilik, wani man toshe tsaga da ake matsawa da bindigar matsa silikon. Yana karɓar fenti, kuma kafin ya bushe ruwa kawai ke wanke shi daga hannu. Yakan ɗan lotsa bayan ya bushe, sai a sake bi sau ɗaya. Silikon kuwa na banɗaki da kicin ne, inda ruwa ke kwanciya, amma fenti ba ya kama shi. Wanda ke warin tsami kamar khal yana iya ɓata marmara, don haka idan daɓen marmara ne a nemi marar warin. Idan kina yawan goge falon da ruwa, ki sayi na foliyuretan: ya fi tsada, amma yana jure ruwa kuma yana ɗaukar fenti.

Faɗin tsagar ma abin dubawa ne. Idan ta wuce milimita 6, kada a yi ta ɗura mata kaya. A fara cusa siririyar igiyar soso a ciki, sannan a shafa a kai, kaurin abin da aka shafa ya zama kamar rabin faɗin tsagar. Haka yake samun damar miƙewa ba tare da ya ɓalle ba.

Kafin komai a kankare tsohuwar simintin tas, a share ƙurar, wurin ya bushe. Nan ne aiki ya fi lalacewa, domin babu abin da ke manne wa ƙura. A liƙa tef na takarda sama da ƙasa, a matsa, a bi da jiƙaƙƙen yatsa, a cire tef ɗin tun kayan na ɗanye. A bar shi aƙalla awa 24 kafin ruwa ya taɓa shi.

Idan kin ga jan ƙasa na bin bayan katakon, gara ce. A yi maganinta tukuna, kada a rufe ta a ciki. Ga masu daɓen katako ko laminet (allunan daɓe masu kama da katako) kuma, ratar milimita 8 zuwa 10 da ke bakin bango da gangan aka bar ta don daɓen ya samu wurin buɗewa. Ba a cike ta da abu mai tauri, kafinta ke rufe ta da siririn katako da zai kafa a jikin na gindin bangon, ba a daɓen ba.