Injiniya ya amsa: yaya zan ga lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta a ETABS ba sai na bi ɗaya bayan ɗaya ba?

TAMBAYA: Salam Injiniya, barka da aiki. Ni sabon shiga ne, na gama makaranta bara, oga ya ba ni bene mai hawa uku in yi masa lissafi a ETABS, manhajar lissafin ƙarfin gini, haɗe-haɗen lodi, wato hanyoyin haɗa nauyin da zai hau ginin, sun kai 14 saboda da iska a ciki, kullum sai na buɗe kowanne in kwafi lamba a takarda in nemo wadda ta fi girma, wallahi idona ya gaji. Ba wata hanya da manhajar za ta fito min da su lokaci guda? Daga wani ƙaninka a Kaduna.

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena, ajiye biron nan haka. Abin da kake nema sunansa Envelope, ba ambulan ɗin wasiƙa ba fa, haɗi ne da ke tsinto lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta daga sauran haɗe-haɗen. Ka shiga Define, ka je Load Combinations, ka ƙirƙiri sabo, a wajen nau'insa ka canza daga Linear Add, wato tara lodin kai tsaye, zuwa Envelope, sai ka zuba haɗe-haɗen naka 14 a ciki kowanne da lamba 1, tunda ka riga ka ninka su tun farko. Kar ka sake ninkawa, nan mutane da yawa suke zamewa. Ka sake gudanar da lissafin, in ka buɗe zanen lanƙwasar bim za ka ga layi biyu, na sama da na ƙasa, wato iyakar da abin zai kai ta kowane ɓangare. Manhajar SAP2000 ma haka take tunda kamfani ɗaya ne ya yi su, CSI, manhajar STAAD.Pro kuma tana da nata.

A bim abin yana da daɗi sosai, musamman in BS 8110, ƙa'idar Birtaniya ta zanen ginin kankare, kake bi kamar yawancin ofisoshinmu, inda za ka ɗora ninki 1.4 na nauyin ginin kansa da ninki 1.6 na mutane da kaya a wani tsakani, wato tazarar da ke tsakanin pila biyu, makwabcinsa kuma ka bar shi da 1.0 na nauyin gini kawai, sannan ka juya. Layukan nan biyu su za su nuna maka inda rodin sama zai tsaya da inda na ƙasa zai wuce.

Amma a pila, nan nake so ka buɗe kunne. Lambobin da yake ba ka ba lokaci ɗaya suke faruwa ba, tsintar su ya yi daga wurare daban-daban. Misali haɗi na farko ya danna pila da 900 kN (ma'aunin ƙarfin dannawa) da lanƙwasa 40 kNm (ma'aunin ƙarfin lanƙwasa), na iska kuma ya ba da 500 kN da 110 kNm, teburin zai nuna maka 900 da 110 gefe da gefe alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Za ka ce to ai na ɗauki mafi muni, ina matsalar? Matsalar ita ce wani lokacin ƙaramin nauyi da babbar lanƙwasa ya fi cin rodi, saboda dannawar da ke sama tana taimaka wa kankare ya riƙe kansa, in ta ragu sai gefe ɗaya ya buɗe. Don haka pila ka bar manhajar ta duba kowane haɗi shi kaɗai, kar ka miƙa mata Envelope a jerin haɗin da za ta yi zane da shi.

Layin mafi ƙanƙanta ma kar ka raina shi, a fandeshan in ka ga lambar nauyin da ke sauka a kai ta koma ƙasa da sifili to iska na neman ɗaga wannan ƙafar ne, an fi ganin haka a rumfunan ƙarfe da sito masu rufin kwano. Kuma in za ka gwada ko jimlar abin da ke ƙasa ta yi daidai da lodin da ka ɗora, ka yi a haɗi guda na Linear Add, a Envelope ba lallai ta daidaita ba. Ka nuna wa oga kafin ka fitar da zane.