Babban tambari ko fata mai kyau? Amsa ga mai sayar da jakunkunan mata a Wuse

Tambaya: Ina da shago a kasuwar Wuse, Abuja, ina sayar da jakunkunan mata da takalma, yawanci na lefe. Masu tambarin LV (Louis Vuitton) da Gucci, waɗanda kowa ya san kwaikwayo ne, su suka fi fita. Amma akwai hajiyoyin da ke shigowa su ce ba sa son jaka mai rubutu, fata ta gaske suke nema. Na ware naira miliyan 3 zan fara fitar da jakar kaina tare da dukawan Jos. In buga sunana ɓaro-ɓaro irin na manyan kamfanoni, ko in bar ta shiru?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a neman. Ki bar ta shiru, ki kashe kuɗin a kan fata da ɗinki. Ga dalili.

Mai haɗa lefe ba jaka kaɗai take saye ba. Ta san za a buɗe akwatuna a gaban dangi, a ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto a tura wa waɗanda ba su zo ba. A wannan zaman babu mai juya jaka ya duba ɗinkin cikinta, amma wadda ke can bakin ƙofa ma za ta hango haruffa biyu masu ƙyalli. Hangen nan take biya wa kuɗi, kuma ta san abin da ta saya, don kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ita kuwa hajiyar da ke gudun rubutu, sau da yawa ta riga ta riƙe na asali. Da kwaikwayo ya cika gari, tambarin ya daina bambanta ta da kowa, sai ta koma neman abin da sai wanda ya sani zai gane. Wani bincike da masana kasuwanci suka wallafa a Amurka a 2010 a kan jakunkunan Gucci da Louis Vuitton ya nuna haka: masu manyan tambura sun fi araha a jimlace, kuma su masu jabu suka fi kwaikwaya.

To, ki lura da wani abu. Tambari yana sayar da sunan da aka riga aka gina ne. An kafa Louis Vuitton a Faris a 1854, amma zanen haruffan LV da ya game duniya bai fito ba sai 1896. Abin mamaki ma, jikin waɗannan jakunkuna ba fata ba ne, yadin auduga ne mai kauri da aka shafe da roba, hannu da gefuna ne kawai fata. Naki sunan babu wanda ya san shi tukuna. In kika buga shi da girma, mai son tambari za ta ce gara na LV ko da jabu ne, mai gudun tambari kuma ta ajiye ta wuce. Kin rasa su duka.

Abin da za ki kwaikwaya shi ne dabarar Bottega Veneta na Italiya, wanda aka kafa a 1966: ba rubutu a waje, saƙar fatarsu ce ke nuna su. Ki zaɓi alama ɗaya daga aikin dukanci, ki riƙa maimaita ta a kowace jaka. Ko saƙa a bakin murfi, ko tuntu guda a jikin zif, ko jan launin nan na fatar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can ayarin Sahara ke bi da ita. Ɗaya tak. Dukawan Naraguta da ke Jos sun iya ado, kuma in kika sake musu za su cika jakar da zane har ta koma tsarabar baƙi, ba jakar zuwa ofis ko gidan biki ba. Sunanki kuwa a yi masa hatimin tagulla wanda bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, a danna shi da zafi a cikin jakar ko a ƙasan murfi. A fara gwadawa a kan ragowar fata, don in zafi ya yi yawa wurin zai ƙone ya yi baƙi.

Jakar da ba ta da rubutu, hannu da hanci ne ke yanke mata hukunci. Ki fara da sansana fatar. Wadda ba ta jemu da kyau ba tana da ƙarni, kuma da damina ta sauka warin zai taso, turare ba ya kashe shi. Sai ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a jikinta da ƙarfi. In launi ya biyo, kada ki karɓa. Jaka ɗaya da ta ɓata farin leshin wata a wurin ɗaurin aure ta isa ta kashe miki suna a cikin ƙawayenta gaba ɗaya. Kaurin fatar jiki ya kama milimita 1.2 zuwa 1.6. Fatar akuya tana da laushi, ba ta tsayuwa da kanta, don haka ko a yi mata ƙarfi daga ciki, ko a yi gindi da hannu da fatar saniya.

Ɗinki ya zama 7 zuwa 9 a kowane inci, a miƙe, ba zare a waje. Inda hannu ya haɗu da jiki nan jaka ke fara mutuwa, sai a ninka ɗinki a wurin. Gefen fata da aka yanka kada a bar shi tsirara: a goge, a shafa fentin gefe, a bari ya bushe, a sake gogewa, har sau 3. In aka lafta shi sau ɗaya da kauri, iskar hunturu ce za ta tsattsage shi. Zif ki nemi YKK na gaske. Ƙarafa kuma ki ɗauka a hannu ki ji nauyi; masu arha da aka yi wa ruwan gwal sama-sama suna koɗewa cikin 'yan watanni. Shafin ciki ya zama yadi mai ƙarfi, ba leda ba, ita ce ke saɓulewa ta manne wa waya da makulli.

Batun kuɗi, kada ki zuba miliyan 3 a karo ɗaya. Ki ware kamar 300,000 don samfuri da hatimi da zirga-zirgar Jos. Fasali 2 ya isa, launi 3: baƙi, ruwan ƙasa da ja. Ga misalin lissafi, ki sauya shi da farashin ranar da kika shiga kasuwa: fata 18,000, zif da ƙarafa 7,000, shafi da zare da gam 3,000, aikin baduku 12,000, jakar ajiya da kwali da kuɗin mota 5,000. Jaka ɗaya ta tsaya 45,000, guda 20 kuma 900,000. Kada ki sayar ƙasa da ninki biyu, wato 90,000 zuwa sama, saboda wasu za su fito da aibi, wasu za a dawo da su gyara, kuma irin wannan kaya ba ya juyawa da saurin na lefe. Ragowar kuɗin ki riƙe don karo na biyu, bayan kin ga launin da ya fara ƙarewa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne tsakanin samfuri da sauran kaya. Babban baduku ne ke ɗinka samfuri da hannunsa, sauran 19 ya miƙa wa yaran shago. Ki sa a yi samfuri biyu iri ɗaya, ki riƙe guda, ya riƙe guda, ku sa hannu a kai. Ki biya rabi a farko, cikon sai kin duba kowace jaka. Fatar kuma a saye ta gaba ɗaya a rana ɗaya, don rini biyu ba sa taɓa zama launi ɗaya.

Su kuma na kwaikwayon, ba zan ce miki ki kwashe su yau ba tunda su ke biyan haya, amma ki san doka ba ta tare da ke: kwastam na iya kama su, Instagram na rufe shafin da aka kai ƙararsa a kan jabu. Ki riƙa maye gurbinsu da masu kyan fasali marasa sunan kowa. Kafin nan, kada ki jera taki a kanta ɗaya da su, ko ki sa su a shafi ɗaya, in ba haka ba mai saye za ta yi mata kuɗin jabu.

Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, sunan kasuwancinki kawai take karewa, ba tambarin da ke jikin kaya ba. Wannan sai a ofishin rajistar tambura na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, nan Abuja. Jakunkuna da kayan fata suna rukuni na 18, rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14. Ki sa a bincika ko wani ya riga ki sunan kafin ki biya kuɗin hatimi da kwali.