Na sayi fili a fadama, ciko zai fishe ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi fili a gefen rafi ta wajen Rafin Guza a Kaduna, ina da takardar mai unguwa da shaidu. Yanzu maƙwabta suna cewa ba za a ba ni izinin gini ba, wai wurin hanyar ruwa ce. Dillalin ya ce in zuba jar ƙasa in ɗaga fandisho, magana ta ƙare. Wallahi barci ya ƙaurace min, kuɗin sallamata daga aiki ne a ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka sauke ko tipa ɗaya tukuna.

Takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna. KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, ke ba da takardar mallaka, KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ke ba da izinin gini. Ko takardar mallakar ce a aljihunka, ba ta ce ka yi gini ba.

Amma maganar cikon ce ta fi damuna, don kullum sai na ji ta, har daga bakin 'yan boko. Fadama ba filin banza ba ce da ke jiran mai kuɗi. Nan ne kogi ke shimfiɗa ruwansa idan ya cika, ya sake shi a hankali. Ka jefa dutse cikin kwanon da ke cike da ruwa, ruwan bai ragu ba, zubewa ya yi ta gefe. Kai ka cike naka, ruwa ya koma gidan maƙwabcinka, shi ma ya cike ya ɗara ka tsawo, hanyar ta ƙara tsukewa, baɗi ya shiga unguwar da ba ta taɓa ganinsa ba. Wannan shi ne dalilin barin tazara tsakanin gini da bakin rafi, ba mugunta ba.

Kuma cikon ba ya zama. Ƙasar fadama laka ce mai riƙe ruwa, tana lotsawa a ƙarƙashin nauyi. Damina biyu zuwa uku sai ka ga tsaga ta tashi daga kusurwar taga, ƙofa ta ƙi rufuwa, fenti yana ɓarewa daga ƙasan bango. Ramin shadda ya cika a watan Agusta, ya gauraya da rijiyar da yara ke sha.

Sai dillali ya ce maka ai shekara da shekaru ruwa bai zo nan ba. Shi da ya karɓi la'adarsa! Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, yana iya tumbatsa ko ba a yi ruwan kirki a cikin gari ba. A tambayi mutanen Kigo Road abin da suka gani a 2003 da 2015. Ranar da aka zo shafa jan fenti a katanga, ko ranar da ruwa ya kai ƙirji, wayar dillalin a kashe take. Ginin da ba shi da izini kuwa, mai shi ba ya da bakin neman diyya.

Ka ɗauki safiyo mai rajista ya auna filin, ka kai KADGIS a duba shi a taswira, ka nemi amsa a rubuce, ba ta bakin wani da ya tare ka a bakin ƙofa ba. Idan ya faɗa cikin hanyar ruwa, ka koma wurin mai sayarwa tare da shaidun nan ka nemi kuɗinka tun suna hannunsa.