Balmora ko Whiterun? Amsoshin tambayoyinku kan garuruwan The Elder Scrolls

Assalamu alaikum. Wannan makon na ajiye tambayoyin batiri da na WhatsApp a gefe, saboda wata gardama da ta biyo ni har gida. Ran Asabar ina zaune a shagon wani abokina mai gyaran kwamfuta a wajejen Wunti, sai ga samari uku suna ta ɗaga jijiyar wuya, saura ƙiris a ba hammata iska. Na ɗauka Arsenal ce da Chelsea kamar kullum. Ashe a kan garuruwan da babu su a duniya ne, garuruwan wasan The Elder Scrolls na kamfanin Bethesda da ke Amurka. Da na koma na duba saƙonninku, sai na tarar an daɗe ana turo min tambayoyi a kan wasan, ni ne nake tsallakewa. To, ga su.

Daga wani ɗalibi a Gwallameji, Bauchi: Malam, ni da abokin ɗakina kullum muna musu. Ni na ce babu garin da ya kai Whiterun, shi kuma ya ce Riften. Raba mana gardama.

Ƙanina, ku duka biyun Skyrim kaɗai kuka buga, shi ya sa. Ga waɗanda ba su san zancen ba: labarin wasannin nan yana faruwa ne a wata ƙirƙirarriyar nahiya mai suna Tamriel, mai larduna tara. An fara da Arena a 1994, sai Daggerfall a 1996, Morrowind a 2002, Oblivion a 2006, sannan Skyrim ranar 11 ga Nuwamba, 2011. Ukun bayan nan kowanne lardi guda ya ɗauka ya baje kolinsa.

Whiterun ba ta da laifi. Tsarinta ma ba baƙo ba ne ga Bahaushe: ganuwa, ƙofa da masu gadi, kana shiga ka tarar da maƙera, ka wuce kasuwa, ka haura unguwar masu hali inda tsohuwar bishiyar Gildergreen take, a can ƙololuwa kuma fadar Dragonsreach ta sarki Balgruuf. Gida mafi araha a wasan, Breezehome, a nan yake, zinare 5,000. Galibin 'yan wasa nan ne babban garin da suka fara shiga, kuma ka san mutum da wurin da aka fara karɓarsa. Riften kuwa tun daga bakin ƙofa za ka san inda ka zo, don mai gadi zai tare ka ya ce sai ka biya harajin baƙi, harajin da babu shi a ko'ina sai a aljihunsa. Duk wanda ya taɓa bin doguwar hanya a motar haya ya san wannan karatun. Ƙungiyar ɓarayi kuma tana ƙarƙashin gari, cikin magudanan ruwa.

Amma in ni za a tambaya, Balmora ce, ta cikin Morrowind.

Gidajenta ruwan ƙasa ne, rufin soro, matakala ta waje, kogin Odai ya raba garin biyu da gadoji a kansa. Ranar da na fara shigarta, na ga kamar wani lungu ne na cikin ganuwar Bauchi aka ɗauko aka dasa a wata duniya. Abin da ya fi kama ni shi ne yadda ake isa wurin. Wasan zai sauke ka daga jirgin fursunoni a wani ɗan ƙauyen fadama, Seyda Neen, a miƙa maka ƙunshin takardu a ce ka kai wa wani Caius Cosades a Balmora. Babu kibiya a allo da za ta nuna maka hanya. Ko ka taka a ƙafa kana karanta allunan kan hanya, ko ka je tasha ka hau wani ƙaton ƙwaro mai dogayen ƙafafu da ake kira silt strider, wanda aka rarake bayansa aka yi wurin zaman fasinja. In ka isa, sai an yi maka kwatance: je gidan baƙi na South Wall ka tambaya. Ka je ka tambaya, a sake yi maka wani kwatancen. A ƙarshe ka tarar da babban jami'in leƙen asirin daula a wani ɗan ɗaki, ba ko riga a jikinsa. Ni na yi kusan rabin awa ina bulayi kafin na gano gidan, kuma yau shekaru da yawa bayan haka zan iya zana maka hanyar a takarda. A Skyrim kuwa na bi kibiya zuwa ɗaruruwan wurare, ba na jin zan iya kwatanta goma.

Kusa da ita a zuciyata akwai Ald'ruhn, inda manyan gari suke zaune cikin ƙoƙon wata ƙatuwar ƙaguwa da ta mutu tun zamanin da. Idan guguwar toka ta taso daga dutsen Red Mountain, sama ta rine, za ka ga mutanen gari suna tafiya sun kare fuska da hannu. Wanda ya san hazon Janairu a kan babur ba sai an yi masa bayani ba.

Daga Pantami, Gombe: Me ya sa garuruwan Skyrim ƙanana ne? Ana ce maka babban birni, amma cikin minti biyu ka zagaye shi, kuma sai allo ya yi baƙi kafin ka shiga.

Wannan tambaya ta yi min daɗi, don amsarta aikinmu ce. An gina Skyrim ne don ya yi aiki a Xbox 360 da PlayStation 3, kuma kowaccensu ma'adanar aikinta, wato RAM, mega 512 ce kacal. Wayar da ke hannunka yanzu ta ninka haka sau da yawa. Kowane mutum a garin yana da jadawalinsa: ƙarfe nawa zai tashi, ina zai je aiki, ina zai ci abinci, yaushe zai kwanta. Kowane cokali da tuffa a kan tebur abu ne da za ka iya ɗauka ka jefar, kuma wasan sai ya tuna inda ya faɗi. Duk wannan RAM yake ci. Sai masu ginin suka yi dabara, suka ware manyan garuruwa biyar masu ganuwa, Whiterun, Riften, Solitude, Windhelm da Markarth, kowanne ya zama keɓaɓɓen wuri. Lokacin da ka taɓa ƙofa allo ya yi baƙi, na'urar tana sauke daji daga kanta ne ta ɗora gari. 'Yan wasa sun ƙirƙiro wani gyara mai suna Open Cities da ke cire wannan shingen, amma sai kwamfuta mai ƙarfi, kuma yakan yi rigima da wasu gyare-gyaren.

Sun taɓa gwada ɗaya hanyar. Daggerfall na 1996 yana da wurare sama da 15,000, garuruwa da ƙauyuka da kogunan dutse, amma kwamfuta ce ta zuba yawancinsu bisa lissafi, ba mutum ya zauna ya tsara ba. Ka shiga gari na goma, ka rantse shi ne na farko. Ni dai na fi son Markarth guda ɗaya, wadda aka sassaƙa a jikin dutse kamar ka dubi duwatsun Dass ka ga an yi musu ƙofofi da matakalai, a kan garuruwa dubu masu fuska ɗaya.

Daga Azare: Akwai ƙasar baƙar fata a wasan?

Akwai. Sunanta Hammerfell, mutanenta Redguard, gwanayen takobi. Tana da saharar Alik'r da birnin Sentinel a bakin teku. Za ka ga wani yanki nata a Daggerfall, da kuma The Elder Scrolls Online na 2014, sai dai shi wannan ba ya motsi sai da intanet, kuma girmansa ya haura giga 80. Tun da aka sanar da wasa na shida a 2018 da ɗan gajeren bidiyo mai duwatsu da gaɓar teku, masoya suke hasashen can za a je.

Daga Tudun Wada, Gombe: Laftof ɗina ta hannu ce, Core i5, RAM giga 4, ba ta da katin hoto na daban. Wanne zan iya bugawa? Na ji an sabunta Oblivion.

An sabunta shi a Afrilun 2025, amma ka cire shi daga ranka. Mafi ƙarancin abin da yake nema RAM giga 16 ne da fili giga 125, ga katin hoto mai tsada. Ko data ɗin sauko da shi kaɗai ya isa ya sa ka tagumi. Skyrim Special Edition na 2016 ma giga 8 yake so.

Abin da zai yi maka: Skyrim na asali na 2011, wanda RAM giga 2 da fili giga 6 yake buƙata. Ka sauke girman hoto zuwa 1280 x 720, ka kai inuwa matakin ƙarshe na ƙasa, don inuwa ce ta fi wahalar da irin na'urarka. Oblivion na 2006 zai tafi lafiya, ka ga birnin daula da doguwar hasumiyarsa a tsakiya, da garuruwan Cheydinhal da Anvil. Morrowind kuwa ko gumi kwamfutarka ba za ta yi ba, tunda an yi shi ne a zamanin Pentium III. Girmansa bai wuce giga ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma Steam da GOG, shagunan sayar da wasanni a intanet, sukan karya farashinsa a tsakiyar shekara da ƙarshenta. In ka same shi, ka ɗora masa OpenMW, wata manhaja ce ta kyauta da masu sa kai suka rubuta, tana sa tsohon wasan ya cika faffaɗan allo kuma ya rage maƙalewa. Arena da Daggerfall kuma Bethesda da kanta ta sake su kyauta.

Abu biyu na ƙasarmu. Kada ka ɗora laftof a kan katifa ko filo, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ƙofofin iskarta a ƙasa suke, in suka toshe za ta rage gudu da kanta ko ta mutu. Ka kai a hure mata ƙura a sauya man da ke kan firosesa. Na biyu, in batirinka ya mutu sai da wuta take aiki, ka saba da danna F5 don adana inda ka tsaya, amma kada ka dogara da shi kaɗai, domin kowane dannawa yana taka na baya ne. In aka ɗauke wuta daidai lokacin da yake rubutawa, fayil ɗin na iya lalacewa. Ni an taɓa yi min haka a tsakiyar Vivec, wani birni na cikin Morrowind, aikin mako uku ya bi ruwa. Tun daga ranar nake buɗe sabon gurbi duk bayan awa ɗaya.

Daga wata uwa a Jekadafari: Yarona ɗan shekara 12 ya nace sai an sa masa Skyrim. Na leƙa na ga dodanni da tsafe-tsafe. Ya dace da shi?

Hajiya, Allah ya raya mana shi. Gaskiya bai kai ba. A Turai an yi wa wasan alamar shekara 18, a Amurka 17. Akwai sare kai, akwai giya, akwai ƙungiyar makasa da ɗan wasa zai iya shiga, sannan duniyar cike take da gumakan da marubuta suka ƙirƙira da wuraren bautarsu. Babba ya san tatsuniya ce, kamar yadda muka san Gizo ba ya magana. Yaro kuwa yana buƙatar wanda zai zauna kusa da shi ya bambance masa, kuma wasa ne da ke cin ɗaruruwan awoyi, ba za ki iya zaman gadinsa ba. Ba zan ɓoye miki amfaninsa ba, yana koyar da Turanci sosai, don akwai ɗaruruwan littattafai a ciki da doguwar hira. Amma wannan amfanin zai jira shi. Kafin nan, in Windows yake amfani da ita, a buɗe masa asusun yara ta Microsoft Family Safety, inda za ki ƙayyade awoyi da shekarun wasannin da zai iya buɗewa. Steam ma yana da irin wannan tsarin na iyali.

Daga Yelwa, Bauchi: Na sauko da Skyrim na Android daga wani shafi, giga biyu, amma ya ƙi buɗewa, kuma yanzu talla ta addabi wayata.

Ɗan'uwa, ba Skyrim ka sauko ba. Bethesda ba ta taɓa fitar da shi a Android ba. Akwai shi a kwamfuta, Xbox, PlayStation da Nintendo Switch. Abin da ta yi wa waya daban ne, irin su The Elder Scrolls: Castles na 2024, inda kake kula da gidan sarauta, ba yawon duniya ba. Bidiyon da kake gani ana buga Skyrim a waya, yawanci ko daga kwamfuta ake haska shi ta intanet, ko ta manhajar Winlator da ke kwaikwayon Windows, wadda sai babbar waya, kuma za ta yi zafi kamar dutsen guga. Morrowind ne ake iya bugawa a waya da ɗan sauƙi ta OpenMW, shi ma sai kana da fayilolin wasan na asali ka kwafa daga kwamfuta.

Yanzu ga abin da za ka yi yau, ba gobe ba. Kashe data. Danna maɓallin kashe waya, ka riƙe yatsa a kan alamar kashewa har ta ba ka zaɓin Safe Mode. A wasu wayoyin hanyar ta ɗan bambanta. A can ka shiga jerin manhajoji ka nemo wadda ba ka sani ba, wani lokaci ba ta da suna ko hoto, fili ne kawai. In ta ƙi gogewa, duba sashen tsaro ka cire mata izinin mai kula da na'ura, ka duba sashen Accessibility ma ka kashe ta a can, sannan ka goge. Buɗe Play Store ka sa Play Protect ya bincika wayar. Idan kana da manhajar banki a ciki, ka sauya lambobin sirrinka daga wata wayar daban, ka kuma duba saƙonninka ko an yi maka rajistar wani abu da ke cin kati. In bayan duk wannan tallar ba ta daina ba, kwashe hotunanka da lambobinka ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.